Mai Gyaran Agogo a Gaban Likita

Katina ya tsufa, Dakta Bara'atu,
ya fi hular kaina shan gumi.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗauko shi
daga Yakasai zuwa bencin nan,
tun ina zuwa a kan keke
har gwiwa ta ce a-daidaita-sahu ko a fasa.

Ba warkewa na zo nema ba.
Mun rufe wannan babi tun ran da kika ce
suga ba baƙon kwana uku ba ne,
ɗan haya ne da ba ya tashi.
Na ji, na ware masa ɗaki.
Abin da nake biɗa ƙanƙane ne,
amma ai ƙaramar ƙusa ke riƙe da agogo.

A rumfata ta bakin Kasuwar Rimi,
in aka miƙo mini wanda ya tsaya
ba na fara ɓalle bayansa.
Kunne nake kai shi tukuna,
in tambayi mai shi:
faɗuwa ya yi, ko ruwan alwala ya sha?
To ni ma haka.
Kafin biro ya taɓa takarda,
ɗago kai ki dube ni.

Watan jiya ba kya nan.
Wani yaro na tarar, mai ladabi, ba laifi,
sai dai na sake warware labarin daga tushe:
tafin ƙafar da ke yaji da dare kamar an barbaɗa barkono,
ƙwayar nan da ta sa ni jiri a sahun Juma'a.
Na fito kamar wanda ya yi sallama a gidan da ba nasu ba.

Lambar da na'ura ta nuna, mayar mini da ita Hausa.
Kuɗin magani kuma, faɗa mini kafin ki rubuta,
don kada in je kemis in tsaya ina lissafi
yaron kanti yana kallon aljihuna.
Bari ma in tona kaina:
in wata ya yi nisa, da hantsakin aikina
nake raba ƙwaya biyu, ta kai ni gobe.
Na kuma sha sassaƙen mai lasifika na Ƙofar Mata,
gora biyu.
Kada ki yi mini faɗa.
In kika yi, gaba ba zan faɗa ba.

Kin ce a rage tuwo.
Tukunya ɗaya ce a gidanmu, baki tara,
Tasalla ba za ta hura wuta biyu ba.
Ki nuna mini yadda zan ci daga wadda ake da ita.
Azumi saura sati uku:
in ɗauka ne, ko in ciyar?
Malam ya ce in tambaye ki.

Ɗanjummai mai faci, da muke zama tare a bencin nan,
daga ɗan yatsa aka fara, aka kai gwiwa.
Yau takalminsa ɗaya ne a ƙofar masallaci.
In kin ga tawa ta doshi can,
kada ki lulluɓe mini da Turanci.
Faɗa mini tun da sauran rana.

Na san kin gaji.
Na ƙirga mu a waje, mun haura sittin,
shayinki ya huce tun hantsi.
Ba awa nake roƙo ba,
minti biyar ne, amma su zama nawa ne duka.

Af, na hannunki kuwa,
tun shigowata nake lura da shi,
yana baya da minti huɗu.
Ba zai koma sabo ba, amma zai yi tafiya.
Ki aiko da shi rumfa.
Ba zan karɓi ko sisi ba.